Tafiyar ƙasa a duwatsun Abzin: sanin hanya ma dukiya ne

Mutumin Guci da ya tashi tsakanin tudun rairayi da fadama, in aka ce masa dutse, abin da zai zo masa a rai bai wuce dutsen niƙa ba, ko kuwa manyan duwatsun nan da ke jibge a unguwar Birni ta Damagaram. Ƙasar Magarya da Dungas shimfiɗaɗɗiya ce, ta gero da gyaɗa da riɗi da rake, tsayinta bisa teku bai kai mita 500 ba. Amma makiyayin da ya taɓa sayen kantun gishirin Balma don dabbobinsa, da uwargidan da ta jefa tafarnuwar Agadas a miya, duk sun ci moriyar wata tafiya da aka yi bisa duwatsu, ko da ba su sani ba. Duwatsun kuwa su ne na Abzin, waɗanda taswirar lakwal ke kira Aïr.

Daga Damagaram zuwa Agadas tafiyar kusan kilomita 450 ce, ta Tanut da Adarbisanat. Da an wuce Agadas an fuskanci arewa maso gabas sai ƙasa ta sake kama. Rairayi ya ba baƙin dutse wuri, ƙoramu su ratsa tsakanin tsaunuka, hanyar mota ta riƙa ƙanƙancewa har ta koma turbar da raƙumi ɗaya kaɗai ke iya bi. A can ne ake da wani ilimi da ba a rubuta a littafi ba, wato sanin hanya da sanin ruwa. Ilimin nan ya ciyar da jama'a shekaru aru-aru. Yau yana cikin haɗarin ɓacewa, domin baƙin da ke biya a nuna musu hanya sun ƙaurace, masu nunawar kuma da yawa sun kama wasu sana'o'i.

Wahalar da ake saye da kuɗi

A ƙasar Hausa tafiyar ƙasa ta dole ce. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja neman goro, alhazan dā sun yi ta zuwa Makka shekara da shekaru, ɗan ci-rani ma yakan yi ta in kuɗin mota ya gagara. Shi ya sa akan yi mamaki in aka ce akwai masu ajiye mota a gida, su goya jaka, su shiga duwatsu mako biyu ko wata guda don ganin dama. A Turai da Amurka abin ya zama al'ada mai ƙungiyoyi da taswirori da masaukai. A tsibirin Korsika na Faransa akwai hanyar da ake kira GR20, mai kimanin kilomita 180, wadda akan kwashe kusan kwana 15 ana bi bisa tsaunuka. A Amurka hanyar tsaunukan Apalash ta kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, mai son gama ta a tashi ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai.

Waɗannan hanyoyi an yi musu alama da fenti a jikin dutse ko itace, ga kuma ruwa nan da can. Abzin dabam yake. Babu fenti, babu allon kwatance, kuma ruwa ne ke yanke wa matafiyi hukunci. Lissafin mai sauƙi ne. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Mai tafiya cikin rana bisa dutse yana bukatar kamar lita biyar a yini, ban da na girki da na alwala. Masana harkar sun ce kada kayan da mutum ya goya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa, wato kilo 14 ga mai kilo 70. Ke nan ruwan kwana uku kaɗai ya cinye dukan abin da baya ke iya ɗauka, tun ba a sa abinci da bargo ba. Don haka a Abzin ba a doguwar tafiya da jakar goyo ita kaɗai. Matafiyi yakan goya ruwan yini da ɗan guzuri da rigar sanyi, raƙumi ko jaki ya ɗauki saura, sa'an nan kowa ya bi bayan wanda ya san inda ruwa na gaba yake.

Bagzam, rufin ƙasar Nijar

Wurin da ya fi suna wajen matafiyan ƙasa shi ne Bagzam. Tudun dutse ne da ya miƙe daga fili kamar ganuwa, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20. A bisansa ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mai tsayin mita 2,022, wadda ta ɗara kowane wuri a Nijar. An daɗe ana ba dutsen Gerebun na can arewa wannan matsayi, kafin awo ya tsayar da shi a mita 1,944.

Tun kaka da kakanni ana hawa Bagzam ne ta ƴan turbobi masu bi ta tsagar dutse, inda jaki ke taka tsakuwa a hankali, mutum kuma wani wuri sai ya haɗa da hannu. Wanda ya taso daga gindin dutsen, ta wajen Tabalot ko Abardak, yakan yi sa'o'i yana hawa, ƙirji na bugawa, gwiwa na rawa. In ya kai sama sai ya iske abin da bai zata ba: ƙauyuka, da garken awaki, da garake kore shar na albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da alkama. Mutanen Abzin sun saba ban ruwa da rijiya, sa ko raƙumi yana jan guga yana kai da komo, dabarar da suke kira takarkart, ko da yake injin ban ruwa ya maye gurbinta a wurare da dama. Amfanin garka kuwa a bayan jakai aka saba saukar da shi zuwa gindin dutse, kamiyo ya kwasa zuwa Agadas, daga can ya gangaro kasuwannin kudu.

Tsayin wurin yana da nasa hukunci. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6. A watannin Disamba da Janairu ruwa kan daskare a buta kafin asuba, kuma ɗan kudu da ya ɗauka sanyin hunturun gida shi ne ƙarshen sanyi yakan sha mamaki. Duk da haka lokacin ne ya fi dacewa da tafiya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara dutse kan yi zafin da hannu ba ya iya dafa shi, da damina kuma ƙoramu ba su da amana.

Daga Bagzam turbobi na miƙewa arewa zuwa Timiya, garin dabino da lemo da rumman, mai tafkin dutse da ruwa ke zubowa cikinsa daga sama, da tsohon barikin Faransawa da ake kira Fort Massu. Gaba da nan akwai kufan Asode, tsohon babban birnin Abzin, wanda ya ƙarasa watsewa a zamanin yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917. Can kusa da Ifarwan kuma tsaunukan Tamgak ne, masu zurfafan kwaruruka. Mai sa'a yakan hangi ragon dutse a gefen tsauni, ko ya iske zaitun daji, ragowar zamanin da ƙasar ke da dausayi. Shaidar wancan zamani tana nan a zane-zanen da mutanen farko suka sassaƙa a jikin duwatsu, na raƙuman dawa da shanu da jiminu. Mafi shahara shi ne na Dabus, a yammacin Abzin, inda hoton raƙumin dawa ɗaya ya wuce mita biyar.

Yinin matafiyi

Tafiyar tana da tsari wanda ba ya sakewa. Ana tashi da asuba, a yi salla, a sha shayi, a ɗaure wa dabbobi kaya tun gari bai waye sosai ba. Ana tafiya har rana ta take, sa'an nan a fake a inuwar kandili ko ta dutse, a ci abinci, a jira la'asar ta ƙarato. Kilomita 15 zuwa 20 a yini ya isa, a wurin hawa ma ba a kai haka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, in ji masu iya magana, kuma saurayin da ya fara da gudu shi ake jira a rana ta uku.

Abincin hanya iri biyu ne suka fi yawa. Akwai tagilla, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da garwashi, a karkaɗe ta, a gutsuttsura cikin miya. Akwai kuma agajira, wadda ake dakawa da gero da dabino da cuku, a dama da ruwa, ta kashe yunwa da ƙishirwa gaba ɗaya. Geron nan kuwa yawancinsa daga kudu yake zuwa, domin Abzin ba ya noma abin da zai ishe shi. Ashe ƙarfin da ake hawa dutse da shi a gonakin Damargu da Damagaram ake noma shi.

Jagora yana da ƙa'idodi da ba ya sassautawa. Ba a raba ayari, kowa ya tsaya inda ake ganinsa. Ba a fara tafiya da sabon takalmi, domin bororo ɗaya a diddige ya isa ya tsayar da mutum goma. Ana zazzage takalmi da safe saboda kunama. Ba a sa sabulu a tafkin dutse, wanda Abzinawa ke kira agalmam, domin shi ne ruwan shan makiyaya da dabbobinsu har damina ta kewayo. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, don haka ba a raina sanda. Babbar ƙa'ida kuma ita ce ba a kwana a cikin ƙorama, kome laushin yashinta. Ruwan da aka yi bisa tsauni mai nisan kilomita da yawa yana iya isowa cikin dare, alhali sama fes take a inda aka yi zango. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, lokacin da ƙoramar Talwa ta ɓalle ta rushe unguwanni.

Darasin Abdul Karimu

Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdul Karimu, ya koyi wannan da jikinsa. A watan Yuli na 1850, yana hanyarsa daga Tarabulus zuwa Abzin tare da James Richardson da Adolf Overweg, ya ƙudurta hawa dutsen Idinan da ke kusa da Gat, a ƙasar Libiya ta yau. Mutanen wurin sun hana shi, suka ce mazaunin aljannu ne, babu wanda ya yarda ya raka shi. Ya tafi haka nan. Ya kai sama, ruwansa ya ƙare, a wajen saukowa hanya ta ɓace masa. Ya kwana a fili, ƙishirwa ta kai shi ga tsotson jinin hannunsa, sai washegari wani Ba'abzine ya bi sawu ya tsinto shi yana gab da mutuwa.

Daga baya Barth ya shiga Abzin, ya zauna a Tintallus ƙarƙashin kariyar Annur, shugaban Kel Ewe, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, sa'an nan ya gangaro kudu tare da ayarin gishiri. A Damargu, cikin Janairun 1851, abokan tafiyar suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Mutum ne mai ilimi da kayan awo da ƙarfin hali, amma inda ya tsira duk yana bayan masu sanin hanya ne.

Turbar ayari

Turbobin da baƙi ke bi don nishaɗi, fatauci ne ya shata su. Kel Ewe na Timiya da maƙwabtansu sun daɗe suna wani zagaye mai kusurwa uku. Bayan damina sukan ƙetare Tenere da raƙuma zuwa Fashi da Balma, su sayo gishiri da dabino. Su dawo Abzin su ɗan huta, sa'an nan su gangaro kudu zuwa kasuwannin Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano, su sayar, su sayi gero da tufafi. Raƙumansu kan yi rani a gonakin Hausawa, suna cin kara suna barin taki, kafin su juya gida gabanin damina. Shugaban tafiyar kuwa madugu suke ce masa, da kalmar Hausa, kamar yadda Hausa ta zama harshen kasuwa a Agadas. Tarihin Gobirawa ma ya ce daga Abzin kakanninsu suka gangaro.

Yaron da ya taso a wannan gida yakan fara bin ayari tun bai balaga ba. Yana koyon sunan kowane dutse da kowace rijiya, da wadda ke ƙafewa a bazara da wadda ba ta ƙafewa, da yadda ake karanta sawu da taurari. Lokacin da motoci suka fara cinye kasuwar raƙuma, fari na 1973 da na 1984 kuma suka kashe dabbobi, irin waɗannan samari ne suka zama jagororin ƴan yawon buɗe ido.

Shekarun samu da na rashi

A shekarun 1980 sunan Agadas ya kai Turai, musamman saboda tseren motoci na Paris-Dakar da kamfanoni irin su Temet Voyages na Mano Dayak. A 1988 gwamnati ta kafa gandun kare halittu na Abzin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Shekara guda bayan haka ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, domin tawaye ya ɓarke. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin Disambar wannan shekara, aka ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000.

Shekarun da suka biyo baya su ne na samu. Jiragen haya suna tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas a lokacin sanyi, aka fara bikin Abzin a Ifarwan a 2001. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane abin da ƙungiyar baƙi goma ke nufi. Tana ɗaukar jagora da kuku da direba da masu raƙuma da masu jakai. Tana sayen kayan garka da ɗan akuya da cuku a ƙauyukan da ta ratsa, in ta dawo gari kuma ta biya ta wajen maƙeran azurfa da dukawa. Kuɗin yana shiga hannuwa da yawa, har a ƙauyen da ma'aikacin gwamnati ba ya kai wa ziyara sai shekara-shekara.

A Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Ifarwan, aka koma gidan jiya, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Rikicin ya lafa a 2009, amma a Satumbar 2010 aka sace mutum bakwai ƴan ƙasashen waje a Arlit, ƙasashen Turai suka hana mutanensu zuwa. Jagorori suka watsu. Wasu suka shiga jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin a soke dokar a Nuwambar 2023. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarkatan tun daga 2014. A 2025 kuma aka sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, abin da ya ƙara nisanta ranar dawowar baƙi.

Abin da ya rage a yi

Dutse yana nan inda yake, amma turba tana mutuwa in an bar takawa, sunan rijiya kuma yana tafiya tare da dattijon da ya san shi. Na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan Adam tana iya faɗa wa mutum inda yake tsaye. Ba ta iya faɗa masa ko tafkin da ke gaba yana da ruwa a bana, ko wa ke da haƙƙin kiwo a kwarin da yake son zango. Jagoran da ya yi ganiyarsa a shekara ta 2000 yanzu ya manyanta, ɗansa kuma ya fi sanin babur da ramin zinariya.

Kuskuren da aka yi tun farko shi ne an jingina harkar gaba ɗaya bisa baƙon waje, wanda ke zuwa in ana lafiya ya gudu in an yi tari. Ma'aikata nawa ne ƴan Magarya da Dungas da Matamai aka tura aiki Agadas ko Arlit ko Cirozarin, suka yi shekaru suna hangen tsaunuka ta tagar biro, suka dawo ba su taɓa kwana ɗaya a kansu ba? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙungiyar malamai ko ta ƴan kasuwa da za ta haɗa kuɗi ta ɗauki jagora na kwana huɗu ko biyar a lokacin hutun Disamba, ba za ta biya abin da Bature ke biya ba, amma za ta dawo baɗi, kuma ba ta jiran izinin ofishin jakadancin kowa. Sharaɗin farko dai shi ne a nemi shawarar hukumomin Agadas da sarakunan wurin game da tsaro, kuma in sun ce a dakata a dakata.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran kowane baƙo. Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, da ta Damagaram, da cibiyar bincike ta IRSH, suna da ɗalibai da za su iya zama da tsofaffin madugai da jagorori, su rubuta turbobi da rijiyoyi da sunayensu cikin Tamajak da Hausa. Malamin lakwal na Guci ma yana da nasa rabo. In ya zo darasin taswirar ƙasa, yana iya ɗora kantun gishiri bisa tebur ya tambayi yara ta ina ya biyo, ya bi da su daga Balma zuwa Timiya, ta gindin Bagzam, har kasuwar garinsu. Yaron da ya san geron gonar ubansa ya taɓa zama guzurin ayari, zai girma yana ɗaukar Abzin a matsayin wani sashe na gida.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya tsare matafiya a duk inda suka sa ƙafa.